Tsofaffin Jiragen Koyon Tuƙi da Sararin Samaniyar Damagaram

Jirgin koyon tuƙi ƙaramin jirgin sama ne mai kujera biyu, ɗaya ta malami, ɗaya ta ɗalibi, kowace da sandar tuƙinta da matakan ƙafa da agogunan da ke nuna gudu da tsawon da aka yi daga ƙasa. Sandunan biyu a haɗe suke ta ƙarƙashi. Duk inda malami ya karkata tasa, ta ɗalibi sai ta bi, ta haka hannun yaro ke koyon abin da baki ba ya iya faɗa. Babu matuƙin da ya taɓa kwasar alhazai daga Kano ko Yamai zuwa Jidda, ko ya tuƙa jirgin yaƙi, wanda bai fara zama a irin wannan kujera ba. Idan jirgin ya tsufa, soja ko makaranta suka sallame shi, ƙasashe sun kasu biyu game da makomarsa. Wasu su ja shi bayan rumfa, rana da ƙura su ƙarasa shi. Wasu kuwa su gyara shi, su ci gaba da tashinsa a bukukuwan nuna jirage, uku-uku ko huɗu-huɗu cikin sahu, jama'a na kallo daga ƙasa.

Wanda ya fi kowanne suna a wannan fage shi ne T-6 na kamfanin North American a Amurka. Samfurinsa na farko ya tashi a 1935, kuma kafin a daina ƙera shi an fitar da fiye da 15,000. Amurkawa suna kiransa Texan, Ingila da ƙasashen da ta raina suna ce masa Harvard. Injinsa mai silinda tara ne da aka jera a da'ira bayan farfela, ƙarfin doki 600, iska ce ke sanyaya shi ba ruwa ba. Ana gane shi tun daga nesa da wata ƙara mai kaifi, dalilinta kuwa bakin farfelar ne ke kaiwa gudun sauti idan an ba injin wuta sosai. Ba kullum ya tsaya a aikin makaranta ba: Faransa ta ɗaura masa bindigogi da rokoki ta yi yaƙin Aljeriya da shi, abin da bai kamata mai yabon jirgin ya tsallake ba. Afirka ta Kudu ta horar da matuƙanta da shi fiye da shekara 50, sai a 1995 ta ajiye shi.

Tiger Moth na kamfanin de Havilland a Ingila ya girme shi, don a 1931 ya fara tashi. Fukafukansa hawa biyu ne, na itace da aka lulluɓe da ƙyalle, matuƙi kuma kansa a waje yake, iska na dukansa. Injinsa ƙarfin doki 130 ne kacal. Asalinsa ba shi da birki, ba shi da abin tayar da inji; mutum ne ke tsayawa a gaba ya murɗa farfela da hannu, ya ja da baya da sauri. An ƙera fiye da 8,000, kuma a kansa mafi yawan matuƙan Ingila na Yaƙin Duniya na Biyu suka fara koyo. Har yau akwai ƙungiya a can da ke tashin guda tara a sahu. A ɓangaren Faransa akwai Fouga Magister, jet mai wutsiya rabe biyu, wanda ya fara tashi a 1952. Tawagar wasan sama ta Faransa ta yi aiki da shi daga 1964 zuwa 1980, kuma ya yi hidima a Maroko, Senegal, Togo, Kamaru da Gabon.

Akwai dalilin da ya sa jiragen makaranta suka fi jiragen yaƙi yawa a irin waɗannan bukukuwa. An ƙera su da yawa, saboda haka kayan gyaransu ba su ƙare ba. Gininsu mai sauƙi ne, makaniki mai haƙuri zai iya kwance inji ya mayar. Sannan ba su da gudun da zai sa su ɓace wa ido: jirgin yaƙi na zamani kafin mutum ya ɗaga kai ya wuce, sai ƙararsa ta biyo baya, amma T-6 yana juyawa a gaban jama'a, ana ganin kan matuƙi da launin hularsa.

Tashi a sahu fanni ne mai zaman kansa, kuma daga ƙasa ba a ganin wahalarsa. Jagora kaɗai ke duban gaba. Shi ke lura da hanya, da tsawo, da ƙasa, da sauran jirage, shi ke magana da hasumiya. Na gefensa ba ya duban komai sai jirgin jagora. Yana zaɓar alama biyu a jikinsa, misali bakin fiffike da wani harafi a gangar jirgin, ya daidaita su a idonsa, ya riƙe su a haka. Idan alamar ta zame gaba, an bar shi a baya ke nan, sai ya ƙara totur kaɗan. Idan ta zame baya, ya rage. Hannunsa na hagu ba ya hutawa a kan totur ko na daƙiƙa biyu, na dama kuma yana taɓa sanda da motsin da bai fi faɗin yatsa ba. Tsakanin fiffike da fiffike 'yan mitoci ne. A kwana abin ya fi wuya, domin na ciki hanyarsa gajera ce, dole ya sassauta, na waje tasa doguwa ce, dole ya ƙara wuta, kuma a idon mai kallo su zama kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Wanda ke biye a baya yana sauka ƙasa da jagora kaɗan don ya kauce wa guguwar da farfela da fukafukai ke bari.

Kafin a tayar da inji, matuƙan kan tsaya a ƙasa su taka wasan da ƙafa. Jagora na gaba yana faɗin kalmomin da zai faɗa a rediyo, sauran na biye da shi taku-taku, suna karkata kafaɗa inda za a karkata fiffike. A nan ake yanke abin da kowa zai yi idan inji ya mutu ko wani ya daina ganin jagora: wane ɓangare zai fice, zuwa wane tsawo. Farin hayaƙin da ke bin su kuwa wani mai ne marar nauyi da ake fesawa cikin salansa mai zafi. Mutumin Damagaram ko na Kance da ya saba ganin mahaya sun taso a sukuwane ranar hawan Salla, gwiwa na gogar gwiwa, su ja linzami lokaci guda a gaban Sarki, ya riga ya san tushen al'amarin. Gwanintar mahayi ɗaya ba ta yin jafi. Sai kowa ya yarda da na kusa da shi, sai kuma an sha maimaitawa tun kafin ranar.

Haɗarin gaskiya ne, kuma an biya farashinsa da rayuka. Ranar 28 ga Agusta 1988, a Ramstein ta Jamus, jirage uku na tawagar Italiya, samfurin MB-339, suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin 'yan kallo, mutum 70 suka rasu. Ranar 22 ga Agusta 2015, a Shoreham ta Ingila, wani tsohon Hawker Hunter mai kujera biyu ya shiga juyin sama ba tare da isasshen tsawo da gudu ba, ya faɗo kan babbar hanya, ya hallaka mutum 11. A kusa da gida, ranar 28 ga Satumba 2018, jiragen F-7Ni biyu na sojojin saman Najeriya suka gogi juna a Abuja suna atisayen bikin samun 'yancin kai, matuƙi Bello Baba-Ari ya rasa ransa, Allah ya jiƙansa. Daga irin waɗannan ne dokokin yau suka fito: a ja layi a ƙasa wanda jirgi ba ya ƙetare shi zuwa wajen jama'a, kada a yi juyi ana fuskantar 'yan kallo, a naɗa mutum ɗaya mai ikon dakatar da wasa nan take, motar kashe gobara da ta asibiti su kasance a tsaye injinsu na aiki.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga jirage a jere. Jiragen da suka fara sauka a Najeriya uku ne tare, samfurin DH.9A na sojojin saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham. Sun taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka bi ta Sudan da Cadi, suka sauka a filin sukuwa na Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925. A ƙarshen 1933 Janar Joseph Vuillemin na Faransa ya jagoranci jirage 28 samfurin Potez 25 suka ƙetare Sahara, suka zaga yankunan da Faransa ke mulka, tafiyar fiye da kilomita 20,000, kuma Damagaram na cikin zangonsu tsakanin Yamai da Fort-Lamy, wato Injamena ta yau. Nuna ƙarfin mulkin mallaka ne manufar tafiyar, ba wani abu ba. Daga Satumba 1940 kuma aka buɗe hanyar Takoradi: a haɗa jirage a gaɓar tekun Gana, su taso ƙungiya-ƙungiya, mai inji biyu da ke ɗauke da masanin hanya yana gaba, ƙananan na biye, su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy da Hartum har Masar. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya a lokacin yaƙin.

Bayan samun 'yancin kai sai yankin ya zama makaranta. An kafa rundunar sojojin saman Najeriya a Afrilu 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kuma a Kaduna ɗalibanta na farko suka koyi tashi da Piaggio P.149D. A shekarar ce aka kafa kwalejin koyon tuƙin jiragen farar hula ta Zariya, wadda ta daɗe tana horarwa da Tampico na Faransa kafin ta koma Diamond na Ostiriya. L-29 Delfin na Cekoslobakiya ya zo a 1967 lokacin yaƙin basasa, Bulldog na Birtaniya ya biyo baya a shekarun 1970. A shekarun 1980 aka sayo Alpha Jet 24, da MB-339 guda 12, da L-39ZA guda 24 waɗanda Kano ta zama gidansu. Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne Air Beetle, jirgi mai kujera biyu gefe da gefe, wanda aka ɗauko tsarinsa daga RV-6A na Amurka, aka harhaɗa guda 60 a Kaduna da hannun ma'aikatan gida. Shi ya yaye matuƙan soja na tsawon shekaru kafin Super Mushshak na Pakistan ya karɓe shi daga 2016.

Tarihin Nijar ya bi wata hanya dabam. Rundunar samanta, da aka kafa a 1961, ta fara ne da jiragen jigila irin su C-47 da Broussard, daga baya Noratlas da C-130, saboda buƙatar ƙasa mai faɗi da ƙarancin hanyoyi ita ce kai mutane da kaya. Matuƙanta galibi a waje suka yi karatu. Abin da Yamai ta yi fice da shi makarantar EAMAC ce ta hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi daga ƙasashen Afirka da dama. A 2015 Ouma Laouali ta zama mace ta farko da ta tuƙa jirgin soja a ƙasar. A 'yan shekarun nan Nijar ta zama ƙasar waje ta farko da ta sayi Hürkuş na Turkiyya, wanda asalinsa jirgin horo ne, ga kuma ƙananan Tétras marasa nauyi.

Duk da wannan tarihi na shekara ɗari, babu wani sanannen biki na shekara-shekara a Kano, Zariya ko Damagaram inda tsofaffin jiragen makaranta ke tashi a sahu. Sojojin Najeriya sun yi baje kolin jirage a Kaduna a 2010 da 2012, Alpha Jet da L-39 kuma kan wuce a jere a manyan bukukuwa, amma wannan faretin runduna ne. Abin da aka fi yi wa jirgin da ya gama aiki shi ne a kafe shi a kan ginshiƙi a ƙofar bariki. Ya fi a yanka shi a sayar wa 'yan gwangwan, sai dai jirgin da ba ya tashi rabin darasi yake bayarwa. Afirka ta Kudu ta nuna cewa nahiyar za ta iya: da ta sallami Harvard ba ta zubar da su ba, wasu suka tafi gidan tarihin sojojin sama na Swartkop, wasu hannun ƙungiyoyi, kuma tawagar Flying Lions ta daɗe tana tashin guda huɗu a bukukuwa.

Matamaye wuri ne mai kyau na auna girman wannan rashi. Gari ne na noma da kasuwa a kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta nufi Daura da Kano, cikin yankin Kance mai fadamun rake da lambuna, inda ƙidayar 2012 ta sami kusan mutum 400,000. Jihar Damagaram gaba ɗaya ta haura miliyan 3.5 a wannan ƙidaya, ta fi kowace jiha a Nijar yawan jama'a, kuma mafi yawansu yara ne. Filin jirgin Damagaram bai kai kilomita 100 daga garin ba, makarantar jet ta Kano ta fi Yamai kusa da shi nesa ba kusa ba. Amma ɗan lakwal a Matamaye abin da ya sani na jirgi shi ne farin layi can ƙololuwa, da labarin tashin alhazai, da labarin jirage marasa matuƙi a rediyo. Bai taɓa tsayawa kusa da fiffike ba, bai taɓa ganin makaniki ya buɗe murfin inji ba, bai taɓa jin matuƙi ya yi masa Hausa ba. Yaro ba ya burin sana'ar da bai taɓa ganin mai yin ta ba, ƙasa kuma da ke son ta riƙe samaniyarta da 'ya'yanta tana buƙatar matuƙa, da makanikai, da masu walda, da masu lantarki, daga ko'ina, ba daga babban birni kawai ba. Ƙungiyar EAA ta Amurka ta gane haka tun 1992, ta shiga ɗaukar yara kyauta a ƙananan jirage, kuma adadinsu ya wuce miliyan 2.

Mai cewa ƙasar da ke fama da 'yan bindiga a Tillaberi da Diffa, da azuzuwan zana, da tsadar hatsi, ba ta da kuɗin wasa a sama, maganarsa tana da nauyi. T-6 yana shan fiye da lita 100 a awa, kuma ba fetur ɗin mota ba, wani na musamman ne da matatar SORAZ ba ta tacewa, sai an shigo da shi. Sayo irinsa daga waje da kuɗin gwamnati ba shi da hujja. Abin da ke da hujja ya fi haka araha. Na farko, kada a lalata abin da ke hannu. Busasshiyar iskar Sahel tana hana ƙarfe tsatsa, dalilin da ya sa Amurka ke ajiye dubban tsofaffin jiragenta a hamadar Arizona. Abin da ke kashe jirgi a nan rana ce, mai cinye roba da gilashin rufi da fenti, da ƙura mai shiga inji. Rumfa da tampol da toshe ƙofofin iska sun isa su tsawaita ransa shekaru. Haka kundin gyaransa, inda ake rubuta kowace awa da ya tashi da kowane ƙarfe da aka canza: idan ya ɓata, hukuma ba ta sake ba jirgin izinin tashi sai da wahala mai tsanani. Tsofaffin makanikan Kaduna da Zariya da Yamai da suka san waɗannan injina su ma ba za su dawwama ba, kuma abin da ke kansu ba duka aka rubuta ba.

Air Beetle shi ne mafi sauƙin farfaɗowa cikin tsofaffin. Danginsa na RV dubbai ne ke tashi a duniya, injinsa na Lycoming har yanzu ana ƙera shi, kuma matuƙa masu zaman kansu kan jera irinsa da yawa a bikin Oshkosh na Amurka kowane Yuli. Guda huɗu daga cikin 60 sun isa tawaga. A ɓangaren Nijar, ƙananan jirage masu injin Rotax suna aiki da fetur ɗin mota mai kyau, kuma uku daga cikinsu a sahu sun isa a fara, ko da ba tsofaffi ba ne, har a sami matuƙan da suka goge da wannan fanni. Dangantakar Nijar da Najeriya ta yi tsami tun 2023, amma hanyar Matamaye zuwa Daura ta girmi kowace gwamnati, kuma ranar da aka sasanta, tawagar Kaduna a filin Damagaram za ta fi jawabai da yawa amfani.

Lokaci ma abin lura ne. Bikin ƙasa na 18 ga Disamba, wanda Damagaram ta karɓi baƙuncinsa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa, yana faɗowa ne cikin hunturu, lokacin da hazo kan rufe gari har jiragen fasinja su kasa sauka, kuma sahu ba ya yiwuwa idan jagora ba ya ganin iyakar ƙasa da sama. A bazara zafi kan haura digiri 40, iska ta yi sirara, inji ya rasa ƙarfi, fiffike ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Damina tana da hadari mai tasowa ba sallama. Abin da ya rage shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, bayan an girbe gero, sama ta washe, kuma da safe kafin ƙasa ta ɗau zafi ta fara jijjiga ƙananan jirage.

A filin jirgin Damagaram kaɗai ya kamata a yi wasan juyi da hayaƙi, inda akwai shinge da motar kashe gobara, a kawo ɗaliban kwalejoji da na Jami'ar André Salifou su zagaya jiragen a ƙasa, su yi wa makanikai tambayoyi. Garuruwan kewaye kuwa wucewa a miƙe ta ishe su. Jirage uku za su iya tashi daga Damagaram su bi ta Takeita, Kance, Matamaye, Magarya da Mirya su dawo cikin ƙasa da awa biyu, ba tare da sun sauka ƙasa da mita 300 da dokar jiragen sama ta ƙayyade a kan gari ba. Da yake yankin na bakin iyaka ne, sai an sanar da hukumomin ɗaya ɓangaren. Sai kuma an sanar da jama'a mako guda kafin ranar, ta gidajen rediyon karkara da bakin masu gari da limamai, a faɗi rana da sa'a da yawan jiragen, domin a wannan zamani ƙarar jirgi ƙasa-ƙasa ba tare da sanarwa ba tana iya watsa kasuwa da garken dabbobi.